Me 'Yarki Ke Karantawa In Dare Ya Yi?

A wannan mako za mu tattauna da ke a kan wani baƙo da ya shiga gidaje da yawa ba tare da sallama ba. Baƙon nan kuwa shi ne wani irin littafin hira da a ke rubuta wa yara masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 18. Ba soyayya ce gindinsa ba, ba kuwa ban dariya ba. Labari ne na yaro ko yarinya da duniya ta yi wa zafi: wani ya gudu daga gida, wani ya faɗa shaye-shaye, wata an yi mata ɓarna ta kasa gaya wa kowa, waɗansu sun yi kisa bisa kuskure suna ta ɓoyewa. A kan shirya labarin yadda mai karatu ba zai iya ajiye shi ba, gabansa na faɗuwa tun daga shafin farko har na ƙarshe. A dā sai a laburaren makaranta ko a teburin mai sayar da littattafai a ke samunsu. Yanzu kuwa suna cikin wayar hannu, na Turanci da na Hausa, a Wattpad da WhatsApp. Yarinya na kwance cikin gidan sauro tana karantawa, ke kina tsammanin ta yi barci tuni.

In kika kama irin wannan a hannun 'yarki, abin da zai fara zo miki shi ne ki ƙwace ki jefa a murhu. Ba mu ga laifinki ba, uwa ce ke. Amma kafin ki kai hannu, bari mu ba ki labarin inda littattafan nan suka fito, da waɗanda suka rubuta su, da abin da aka gani na amfaninsu da na cutarsu. Yawancin misalanmu daga Amurka da Ingila za su fito, domin can ne sana'ar ta yi ƙarfi, can ne kuma aka daɗe ana gardama a kanta. A cikinsu akwai guba, akwai magani, bangonsu kuwa iri ɗaya ne. Ba a rarrabe su sai an buɗe an karanta.

Yarinyar Da Ta Buɗe Hanya

Abin mamaki, wadda a ke cewa ita ta buɗe wannan hanya a Amurka ba wata babbar malama ba ce. 'Yar makaranta ce a garin Tulsa na Jihar Oklahoma, sunanta Susan Eloise Hinton. Tana da shekara 15 ta fara rubutu, domin ta gaji da littattafan da a ke ba tsararrakinta, waɗanda babu kome cikinsu sai rawa da zaɓen saurayi, alhali kuwa a makarantarsu tana gani da idonta 'ya'yan masu kuɗi da 'ya'yan talakawa sun kasu ƙungiya biyu suna dukan juna. Littafin ya fito a 1967, tana da shekara 18, sunansa The Outsiders, watau 'yan bayan fage, waɗanda ba a yi da su. Masu ɗab'i suka ba ta shawara ta sa haruffan farko na sunanta kawai, S. E. Hinton, don kada maza masu sharhin littattafai su ga mace ce su raina shi.

Mai ba da labarin a ciki yaro ne ɗan shekara 14, maraya, iyayensa sun mutu a haɗarin mota, yana zaune da yayyensa biyu. Wata rana da dare 'ya'yan masu kuɗi suka tare shi da abokinsa, suka danna kansa cikin ruwa. Abokin, wanda dā ma ubansa ya saba jibgarsa a gida, ya zaro wuƙa ya soke ɗaya daga cikinsu ya mutu. Yaran biyu suka gudu suka ɓuya a wata tsohuwar majami'a a ƙauye. Kafin labarin ya ƙare samari uku sun rasa rayukansu. Iyaye da yawa sun ce bai dace da yara ba, har a waɗansu makarantu aka nemi a fid da shi daga laburare. Duk da haka an sayar da miliyoyinsa, an mai da shi fim a 1983, kuma makarantu da dama a Amurka suka sa shi cikin littattafan da a ke karantawa a aji.

To, uwargida, ki lura da abu ɗaya. Ba manya ne suka ƙago baƙin labari suka ɗura wa yara ba. Yarinya ce ta ga manya suna ɓoye abin da ita ke gani kullum a hanyar makaranta, ta ɗauki alƙalami.

Ɗan Jaridar Da Ya Sa Lambar Wayarsa

Bayanta sai wani ɗan jarida na Jihar Massachusetts, Robert Cormier. Wata rana ɗansa ya dawo daga makaranta da alewar cakulan da aka ba kowane ɗalibi ya sayar don a tara wa makaranta kuɗi, ya ce shi ba ya so ya sayar. Uban ya goyi bayansa, aka mai da alewar, ba abin da ya sami yaron. Amma sai uban ya dinga tambayar kansa, shin da a ce abin bai ƙare lafiya ba fa? Daga wannan tambaya littafin The Chocolate War ya fito a 1974, watau yaƙin cakulan. A ciki yaro ya ƙi sayar da alewa, wata ƙungiyar asiri ta ɗalibai da wani mugun malami suka sa shi gaba, har aka yi masa dukan kawo wuƙa a gaban 'yan makaranta duka. Mugaye ba su sami hukunci ba. Masu ɗab'i sun nemi ya sauya ƙarshen ya ƙi. Shekaru da yawa littafin na cikin waɗanda iyaye suka fi kai ƙara a kansu a Amurka.

A 1977 ya fito da wani, I Am the Cheese, labarin wani yaro da ke tafe a kan keke yana neman ubansa, mai karatu na biye da shi har ya gane ashe hankalin yaron ya taɓu saboda abin da ya sami iyayensa. A cikin labarin akwai lambar wayar wata yarinya. Lambar nan kuwa ta gidan marubucin ce ta gaskiya. Yara masu karatu suka yi ta bugawa shekara da shekaru, shi kuma yana ɗauka yana hira da su. Ya rasu a 2000. Ki dubi wannan da kyau: yaron da ya gama karanta labari mai nauyi, abin da ya fara nema shi ne babban mutum da zai yi magana da shi. In ya rasa a gida, zai nema a waje.

Uwar Da Labari Ya Zama Mata Gaskiya

Wajen iya ɗaure zuciyar mai karatu kuwa, da wuya a sami kamar Lois Duncan. A 1973 ta rubuta I Know What You Did Last Summer, watau na san abin da kuka aikata bara. Samari biyu da 'yammata biyu suna dawowa daga shagali da dare suka banke wani ƙaramin yaro a kan keke, suka gudu, suka yi alkawari ba mai faɗa. Bayan shekara guda sai ga takarda ba sa hannu, mai ita ya ce ya san abin da suka yi. A 1978 ta rubuta Killing Mr. Griffin. Ɗalibai suka sace malaminsu mai tsanani, suka ɗaure shi a daji don su ba shi tsoro kawai, ashe yana da ciwon zuciya, ya mutu. Daga nan ƙarya ta yi ta haifar ƙarya. Wanda ya karanta littafin da idon basira zai ga ba kisan ne zuciyar labarin ba. Zuciyarsa ita ce yadda yarinya mai hankali, mai kunya, marar ƙawaye, ta bi mugun aboki don kawai an kula ta. Wannan kuwa karatu ne da kowace uwa za ta so 'yarta ta yi tun kafin duniya ta koya mata.

A 1989 aka harbe autar wannan marubuciya, 'yar shekara 18, tana tuƙa mota da dare a garin Albuquerque. Daga nan uwar ta ce ba ta iya sake ƙago labarin yarinya cikin haɗari don nishaɗi. Ta rubuta littafi a 1992 tana neman wanda ya kashe mata 'ya. Da aka mai da littafinta na 1973 fim a 1997, masu fim suka cika shi da yanka da zub da jini, ta fito fili ta ce ba ta ji daɗi ba, domin ita ta san kisa ba abin wasa ba ne. Ta rasu a 2016 ba ta ga an kama kowa ba. Sai a 2021 wani mutum ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya yi kisan. Ga marubuciyar ban tsoro da kanta ta nuna mana iyaka: akwai labarin da ke nuna nauyin rai, akwai wanda ke mai da jini abin tafi.

Wanda Ya Ce Gaskiya Ne Alhali Ƙarya Ne

Yanzu bari mu juya ga masu cutarwa. Na farko shi ne wanda ya zo da rigar wa'azi. A 1971 wani littafi ya fito a Amurka, Go Ask Alice, ba sunan marubuci. Aka ce wai kundin sirri ne na wata yarinya 'yar shekara 15 da ta faɗa shan ƙwaya, ta gudu daga gida, ta mutu, aka buga abin da ta bari don ya zama ishara. Iyaye suka yi ta saye suna ba 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa wata mata ce babba, Beatrice Sparks, ta shirya shi, kuma har ta mutu a 2012 ba a ga shaidar cewa an taɓa yin wannan yarinya ba. Matar nan ta sake fito da wani, Jay's Journal. Wannan karon akwai yaro na gaskiya a Jihar Utah wanda ya hallaka kansa, uwarsa ta ba da kundinsa da kyakkyawar niyya don a taimaki waɗansu. Danginsa suka ce ɗan kaɗan ta ɗauka daga rubutun yaron, sauran ta cika da labarin tsafi da bautar shaiɗan da bai taɓa yi ba. Aka bar iyali da baƙin ciki biyu.

Illar irin wannan ita ce, yaro ba wawa ba ne. Ran da ya gane an yi masa ƙarya don a tsorata shi, ya daina yarda da gargaɗin gaskiya ma. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gwada shi da littafin Junk na Melvin Burgess, wanda ya fito a Ingila a 1996. Yaro da yarinya 'yan shekara 14 suka gudu zuwa garin Bristol, shi saboda dukan ubansa, ita saboda ta gaji da takurar gida, suka faɗa shan mugunyar ƙwayar nan hiroyin. Marubucin bai ɓoye cewa da fari sun ji daɗi ba. Sa'an nan ya bi su sannu a hankali har sata, har sayar da mutunci, har kurkuku, kowannensu na cewa duk ran da ya ga dama zai bari. An yi ta surutu a kansa, amma ya ci lambar Carnegie, wadda ita ce babbar lambar littattafan yara a Ingila. Ba ya wa'azi, ba ya kuma ƙarya, shi ya sa yara suka yarda da shi.

Inda Haɗarin Ya Fi Girma

Na biyu ya fi na farko haɗari, shi ne labarin da ke ƙawata kashe kai. Wannan tsoro ba na yau ba ne. Tun 1774 marubucin Jamus Goethe ya buga labarin wani saurayi, Werther, da ya hallaka kansa saboda soyayya. Aka yi ta raɗe-raɗin samari na kwaikwayonsa, har hukumar garin Leipzig ta hana sayar da littafin. A 1974 wani masani a Amurka, David Phillips, ya bi lissafi ya ga in jaridu suka yayata labarin wanda ya kashe kansa, masu yin haka kan ƙaru a makonnin da ke biye. Ya sa wa abin sunan Werther.

A 2007 Jay Asher ya fito da Thirteen Reasons Why, watau dalilai 13. Yarinya ta mutu ta bar kaset-kaset, a ciki tana lissafa mutanen da ta ce su suka kai ta ga haka, ana miƙa kaset daga wannan zuwa wancan. A ƙarshen Maris na 2017 kamfanin Netflix ya fito da shi wasan kwaikwayo, ya kuma nuna mutuwar yarinyar ƙiri-ƙiri, abin da littafin bai yi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da malaman makaranta suka yi ca. A 2019 wani bincike a Amurka ya nuna cewa a watan Afrilu na 2017 yawan yara 'yan shekara 10 zuwa 17 da suka kashe kansu ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 bisa abin da aka zata, yawancinsu maza. Masu binciken ba su ce lalle wasan ne sanadi ba, waɗansu masana kuma da suka sake duba lissafin sun yi musu. Amma a Yuli na 2019 kamfanin ya yanke wannan wuri daga wasan. A wannan shekara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jagora ga masu shirya fim: kada a nuna yadda aka yi, kada a mai da mutuwa hanyar rama gayya, a nuna mutanen da suka nemi taimako suka samu.

Wannan na ƙarshe yana da tushe. A 2010 masu bincike a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka ga cewa labarin wanda ya shiga ƙunci har ya yi tunanin mutuwa, sa'an nan ya sami mafita, ba ya jawo kwaikwayo, har ma ya kan zo tare da raguwar abin. Ashe ba duhun labari ne cutar ba, uwargida. Abin dubawa shi ne ko an bar ƙofa a buɗe a cikinsa.

Misalin mai buɗaɗɗiyar ƙofa shi ne Speak na Laurie Halse Anderson, 1999, watau yi magana. Yarinya ta shiga sakandare kowa na gudunta domin ta kira 'yan sanda a wani shagali, ba wanda ya tambaye ta dalili. Ta daina magana, karatunta ya lalace, iyayenta na ganin taurin kai ne. Can gaba mai karatu ya gane fyaɗe aka yi mata a daren. Da taimakon malamin zane, da kuma tsoron kada abin ya sami tsohuwar ƙawarta, ta buɗe baki. Marubuciyar ta bayyana daga baya cewa ita ma abin ya same ta tana da shekara 13, ta yi shekaru ba ta gaya wa kowa ba. Da wata mai sharhi, Meghan Cox Gurdon, ta rubuta a jaridar Wall Street Journal a 2011 cewa littattafan matasa sun yi baƙi da yawa, dubban masu karatu suka mai da martani, da yawansu na cewa irin waɗannan littattafai ne suka fara nuna musu ba su kaɗai ba ne. Ita ma mai sharhin tana da hujjarta, domin akwai masu zuba ƙazanta don kasuwa kawai. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Mu Ma Ba Baƙin Abin Ba Ne

Kada ki ce wannan duk sha'anin Turawa ne. Kakanninmu ba su yi wa yara tatsuniya mai zaƙi kaɗai ba, akwai Dodo mai haɗiye 'yammata, akwai kishiyar uwa mai azabtar da marainiya. A rubuce kuma, tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a Zariya. Attajiri ya aure wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya gagari kowa, har ya kashe ubansa bai sani ba. Wane labarin kangararren yaro ne ya fi wannan duhu? Ga shi kuwa iyayenmu da kakanninmu a aji suka karanta shi, da malami a tsaye yana tambayarsu wa ke da alhaki.

A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin littattafan Pacesetters don matasan Afirka. Cikin na farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano, wanda ya rubuta shi tun yana ɗan makaranta, kamar dai yarinyar nan ta Tulsa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho tana ƙarama, ta sha wuya, ta gudu wurin gwaggonta, ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Labari ne mai ɗaci, amma ƙofarsa a buɗe ta ke.

An kuma gwada wuta a nan ma. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a, don a tsare tarbiyyar 'yan makaranta. Ba a yi shekaru da yawa ba karatun ya koma cikin waya, inda ba mai tacewa, ba kuma murhun da zai ci shi. Matsalolin da littattafan ke zance kuwa suna nan a unguwanninmu. Binciken shan ƙwaya da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ɗaya cikin kowane huɗu kuwa mace ce. A wannan shekara ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce cikin yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata damuwar ƙwaƙwalwa. Ko an ƙona littafi, abin da ke ciki yana bakin ƙofa.

Yadda Za Ki Auna

To, me za ki yi? Da fari ki karanta. In karatun boko bai samu ba, ko littafin na Turanci ne, ki sa ita yarinyar ta ba ki labarin da bakinta kuna tsintar shinkafa, ko ki nemi yayarta ko malamarta ta duba miki. Yadda ta ba da labarin ma zai gaya miki abu da yawa: wa ta ke tausayi, wa ta ke jin haushi, a ina muryarta ta canza.

Sa'an nan ki yi wa littafin tambaya huɗu. Shin yana koya yadda a ke aikata abin, watau sunan ƙwaya da adadinta, ko hanyar cutar da kai dalla-dalla? In haka ne, a raba ta da shi, a kuma gaya mata dalili. Shin wanda ya mutu ko ya lalace a ciki shi ne ya ci riba, kowa na kuka yana nadama, shi ya zama gwarzo? Wannan ma abin gudu ne, ya fi mai zagi da ashar haɗari. Shin ɓarna na da sakamako, ana ganin uwar wanda aka kashe, ana jin nauyin abin? Shin akwai ko mutum ɗaya a ciki, malami ko gwaggo ko aboki, da aka je wurinsa aka sami sauƙi? In amsar biyun ƙarshe i ce, to ko labarin ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ki bar ta ta karanta, ki zauna kusa.

Ki dubi shekaru kuma. Abin da 'yar shekara 17 za ta ɗauka, ya fi ƙarfin 'yar 12. Fim ya fi littafi kaifi, domin mai karatu na iya rufe shafi ya huta, hoto kuwa in ya shiga ido ya zauna. Na cikin waya kuma ya fi na takarda bukatar sa ido, domin kowa na iya rubutawa ya watsa ba wanda ya duba masa.

Abu na ƙarshe ya fi duka. Ki dubi mai karatun fiye da abin karatun. Yawancin yara na son labarin ban tsoro ne kamar yadda mu ka so tatsuniyar Dodo, su ji tsoro suna cikin aminci, gari ya waye su manta. Amma in kin ga yarinya ta daina cin abinci, ta daina barci ko barcin ya yi yawa, ta janye daga ƙawaye, karatunta ya faɗi, tana maimaita littafi ɗaya mai zancen mutuwa, ko tana cewa gara ba ta duniya, to wannan ba maganar littafi ba ce kuma. Kada ki yi mata tsawa, kada ki ce iskanci ne ko shagwaɓa. Ki tambaye ta a fili cikin taushin murya ko tana tunanin cutar da kanta. Masana sun tabbatar tambaya ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, sai ma ta sauke masa kaya. Ki kawar da magunguna da abubuwa masu haɗari daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti wurin likita ba da jinkiri ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani, ba kuwa abin kunya ba ne. Duk abin da muka faɗa a kan 'ya mace, haka ya ke a kan ɗa namiji, wanda ma ya fi ta iya ɓoye ciki.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa sai ya san ta ina iccen ya karkata. Sau da yawa yaro ba ya iya cewa "Inna, ga abin da ke damuna," amma yana iya cewa "Inna, kin ji abin da ya sami wata yarinya a littafin nan?" In ta zo miki da haka, ki ajiye muciya ki saurara. Watakila labarin wata ne. Watakila kuwa nata ne ta sa masa sunan wata.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu kunnen sauraronsu. Sai mako mai zuwa.